Bayan An Busa Usur Na Ƙarshe

Ƙannenmu na Ikara, Maƙarfi da Kudan, wannan makon ƙwallon kwando za mu taɓa. Duk wanda ya iya jefa ƙwallo cikin raga burinsa ya buga a Amurka. To amma wasa ɗan lokaci ne. Gwiwa na iya ciwo, shekaru kuma ba sa jira. Ranar da ɗan wasa ya ajiye takalmi, me zai kama?

Amsar tana nan kusa da mu. A Zariya Masai Ujiri ya tashi, a nan ya koyi kwando a hannun Oliver Johnson, Ba'amurken kocin Jami'ar Ahmadu Bello. Ya je Amurka karatu, sannan ya yi 'yan shekaru yana buga wa ƙungiyoyin Turai, bai kai ga NBA ba. Da ya daina wasa, sai ya karɓi aikin zaƙulo wa Orlando Magic 'yan wasa a 2002, ba ko sisi, kuɗin tafiya ma daga aljihunsa. A 2010 ya zama babban manajan Denver Nuggets, a 2019 kuma Toronto Raptors ta ci kofin NBA yana shugabanta.

'Yan mata, ga taku. Rena Wakama ta buga wa First Bank ta Legas, sannan ta kama aiki a kwalejin Manhattan da ke Amurka. Ba da horarwa ta fara ba, da tsara harkokin ƙungiya ta fara kafin ta zama mataimakiyar koci. A 2023 aka ba ta ƙungiyar matan Najeriya, D'Tigress, ta ci kofin Afirka a Kigali, mace ta farko da ta yi haka a matsayin koci. A 2024 ta kai su zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a gasar Olamfik ta Faris, matakin da babu ƙungiyar kwando ta Afirka, maza ko mata, da ta taɓa takawa.

Mu lura, dukkansu ba tsalle ne ya kai su can ba. Sun yi karatu, sun fahimci wasan da ka, kuma ba su raina ƙaramin aiki ba.

Da sanyin safiya ake kama fara. Idan malamin wasanni ya ce a riƙa rubuta maki, mu karɓi biro. Idan 'yan aji ɗaya ba su da mai koya musu, mu tsaya musu. Mu kuma dage da Turanci, Lissafi da Bayoloji, domin sai da sakamako mai kyau ake shiga sashen ilimin motsa jiki a jami'ar nan ta Zariya.

Sai mako mai zuwa. Wanda makarantarsu ke da filin kwando, ya rubuto mana ya faɗi wa ke horar da su.