Filin Mata: A Sayar da Babur a Sayi Sikuta?

Cikin wasiƙun da suka zo mini a watan nan akwai guda biyu masu zance iri ɗaya. Ta fari daga wata malamar makaranta ce a cikin garin Gumel, ta kwashi adashi, tana so ta sayi abin hawa na kanta ta huta da biyan acaba. Ta biyu daga wani ƙauye ta fito a ƙasar Sule Tankarkar, wai maigidanta ya ƙudura sai ya sayar da baburinsa ya sayi irin manyan sikutan nan masu mazauni kamar kujerar falo, don ya ga hotonsu a waya. Dukansu biyu shawara suke nema.

Kada wata ta ce ai wannan zancen maza ne. Wa ake goyawa a baya ran zuwa awo? Hijabin wa taya kan kama? In kuwa abin hawa ya lalace aka jingine shi a zaure, kuɗin cefanen wa ke raguwa? To, kun ga ashe da mu a ciki.

Bari mu fara da sanin abin da ake kira sikuta. Manyanmu sun san Basfa, watau Vespa, wadda malamai da 'yan kasuwa suka yi yayi a da. Kamfanin Piaggio ne ya fara ƙera ta a ƙasar Italiya a 1946, sunan kuwa ma'anarsa zanzaro da bakinsu. Dabarar da aka yi mata ita ce aka kawar da inji daga tsakanin ƙafafun mahayi, aka mai da shi baya aka rufe, aka bar fili a gaba inda mutum zai ajiye ƙafafunsa kamar yana zaune bisa kujera. Sikutan zamanin nan duk jikokinta ne. Bambancinsu da ita, su ba a sa musu giya. Akwai wani bel a ciki mai canja gudu da kansa, ke dai ki murɗa totur, ki kama birki.

Labudda wannan tsari ya dace da suturarmu. Mace ba ta buƙatar ɗaga ƙafa ta tsallake tanki, ga garkuwa a gaba mai tare ƙura da caɓi, ga akwati ƙarƙashin mazauni na zuba littattafai ko kayan miya. Abin da ya fi duka, ba sarƙa a buɗe. Kowace daga cikinku ta taɓa jin labarin wadda gefen hijabinta ko lafayarta ya shiga sarƙar babur ko wayoyin tayar baya, ya naɗe, ya fizgo ta ƙasa ta wuya. Abin nan kamar ƙiftawar ido yake faruwa, mai tuƙi ma ba ya ankara sai ya ji nauyi ya ragu a bayansa. Ga kuma tabon salansa, wanda mata da yawa ke ɗauke da shi a ƙwauri. Ta wannan fuska kam sikuta ta yi wa babur fintinkau, ban da wata tantama.

Amma fa, 'yan'uwa, Italiya ba Gumel ba ce. Ku dubi ƙasar da muke takawa. Daga Gumel zuwa Maigatari akwai kwalta, haka nan manyan hanyoyin da suka haɗa hedikwatocin ƙananan hukumomin masarautar nan guda huɗu. Da an saki titi kuwa aka nufi ƙauye, ko a ƙasar Gagarawa ko ta Sule Tankarkar, sai rairayi mai cin ƙafa. Tayar babur irin Bajaj Boxer ko Jincheng faɗinta inci 17 ne ko 18. Ta Basfa inci 8 ce ko 10, ta yawancin sikutan yanzu kuma daga 10 zuwa 14. Babbar taya takan hau rairayi ta wuce, ƙarama kuwa sai ta nutse, kan abin hawa ya riƙa kaɗawa hagu da dama. Ramin da babbar taya za ta tsallake, ƙarama faɗawa take yi ciki. Sa'an nan cikin sikuta kusa yake da ƙasa, da damina in an zo kwari mai ruwa, ruwan na iya shiga gidan bel, sai ki ji inji na kuka amma taya ba ta ja. Da hunturu kuma ƙura ce ke toshe matatar iska, tilas a riƙa buɗewa ana kakkaɓewa a kai a kai.

Yanzu sai manyan, waɗanda maigidan 'yar'uwarmu ya ɗora wa ido. Irin su Yamaha TMAX da Suzuki Burgman, an yi su ne domin manyan titunan Turai da Japan, inda mutum zai yi tafiyar awa biyu bai ga rami ba. A can kam sun yi, ba su gajiyar da baya, iska ba ta dukan ƙirji. To amma ku ji nauyi. TMAX wajen kilo 220 ce, Burgman mai lamba 650 kuwa ta haura kilo 270, watau kusan buhu uku na masara ke nan. Boxer ba ya kai rabin wannan. In abu mai wannan nauyi ya kwanta cikin rairayi tsakanin ƙauye da ƙauye, ga mace da goyo tsaye a rana, wa zai ɗaga shi? Ba su da abin tayarwa na ƙafa, in batir ya mutu shi ke nan. Ba a kuma tura su su tashi kamar yadda yara kan tura babur, gama tsarin bel bai yarda da haka ba. Suna da lagireto kamar mota. Mai kuma ba ta kafireto yake bi ba, wani famfo ne ke fesa shi ta ƙananan kafofi, saboda haka man kwalba na bakin hanya, in ya zo da datti, sai ya toshe su. Ga shi kuma shan mansu ya ninka na Boxer. Tun ran 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin fetur, babu matar auren da ke buƙatar a yi mata bayanin abin da wannan ke nufi a tukunya.

Ni dai ga ma'aunina, kuma bai taɓa wuya ba. Kafin a biya ko kwabo, a je wurin bakaniken unguwa a tambaye shi abu biyu: ka taɓa kwance irin wannan? In bel ya tsinke yau, ina za a samo wani? In ya ce sai an aika Kano, ko Kano ma sai ta aika Ikko, to, a riƙe kuɗi. Kayan gyaran Boxer kuwa ko ran Alhamis a kasuwar Maigatari an samu. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Akwai kuma wani haɗari da masu sayarwa ba su faɗi, na wanda hannunsa ya saba da babur. A babur, mariƙin hannun hagu kuloci ne, birkin baya kuwa a ƙafar dama yake. A sikuta mariƙin nan na hagu shi ne birkin baya. Mutumin da ya shekara goma yana damƙe hagu da ƙarfi in zai canja giya, ran da ya yi haka bisa sikuta yana cikin gudu, tayar baya sai ta ƙame ta zame. Ƙafarsa kuma ta dinga laluben birki inda babu. Ba tanki kuma da zai matse da gwiwa. Don haka in har an yi canjin, ku ce wa maigida ya yi kwanaki yana koyo shi kaɗai a filin makaranta ko filin Idi kafin ya ɗauki ku da yara. In ya ce ai shi gwani ne, ku ce masa gwanin ne ma abin ya fi kamawa, ɗan koyo ba shi da tsohon sabo.

Tsakanin babur da sikuta akwai na uku, wanda muke kira roba-roba. Asalinsa Honda Super Cub ne na Japan, wanda ya fito a 1958, zuwa 2017 kuma an ƙera sama da miliyan 100, abin da babu wani abin hawa mai inji da ya taɓa kaiwa. Ba banza ba. Ya ɗauki buɗaɗɗen gaba da garkuwa irin na Basfa, ya riƙe babbar taya mai inci 17 irin ta babur, ba shi da kuloci na hannu, sarƙarsa tana cikin murfi, ga ƙarancin shan mai, kuma bakanikenmu ya san cikinsa. Wadda ta taɓa tsallakawa Damagaram ko Maraɗi ta ga mata ma'aikata da 'yan makaranta bisa irinsa da hijabinsu, ba mai ko waiwayensu.

To, ga amsata. Malama ta Gumel, in tafiyarki daga gida zuwa makaranta ce bisa kwalta, ko kuwa ke ma'aikaciyar asibiti ce ko ɗalibar Kwalejin Ilmi, ƙaramar sikuta mai inji 110 ko 125 ta ishe ki. In kuwa ana iya yi miki canjin wurin aiki zuwa ƙauye, kamar yadda akan yi wa malamai, roba-roba ya fi miki. Ki hau ki gwada kafin ki biya: tafin ƙafafunki biyu su taɓa ƙasa, ki kuma iya ɗora shi bisa jak ke kaɗai.

'Yar'uwa ta Sule Tankarkar, ki lallashi maigida ya riƙe baburinsa, shi ne daidai da hanyarku, shi ne kuma zai ɗauko buhun riɗi ko zoɓo zuwa kasuwa. Ki zaɓi lokacin da ya ci ya ƙoshi, ba a gaban abokansa ba. Kaɗan daga kuɗin da zai cika a sayo sikutar ya isa a mai da murfin sarƙa in an cire shi, mai walda ya yi raga a gefen tayar baya da abin tare salansa, a kuma sayi hular kwano biyu. Biyu na ce, gama tun da aka fara tilasta sa ta a watan Janairu 2009, har waɗansu 'yan acaba suka riƙa kifa ƙwarya a ka don ba'a, da wuya ka ga ta bisa kan macen da ke baya. Ke kuma duk ran da za ki hau, ki tattaro hijabi da gefen zane ki danne su bisa cinya tukuna, kana ki ce masa a tafi.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.