Katanga Tsakanin Maƙwabta

Kun sani Risala ta hukunta katangar jayayya ga wanda ɗaurin gini ya fuskanci wajensa. Wannan shaidar magini ce. Amma yau a Bodinga gardamar kan ƙasa take, taki ɗaya ko biyu, har maƙwabta su bar gaisawa. Nan sai mai awo da turakunsa. Kada mu raina aikinsa, gama Malam Abdullahi da ya zauna garin nan ya wallafa Ta'alimur Radi kan sha'anin ƙasa. Masu awon Nijeriya suna da jam'iyya tun 1934. Ni a ganina wajibinta ne ta tsaya wa ɗanta idan mawadaci ya matsa masa ya gusar da turke, ta kuma fid da shi idan ya karɓi toshi.