WANDA YA ƘI SHIGA WUTA BA MACI AMANA BA NE



Yau labarin jiragen ruwa za mu ba ku. Mun sani wani zai yi dariya ya ce, mu nan Belbeji da sai raƙumi ya ja guga kana mu sha ruwa, ina ruwanmu da teku? To, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe. Labarin na baƙaƙen fata ne irinmu, kuma abin da ya ci su yana nan kusa da mu, a bakin hanyar Tanut zuwa Damagaram.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Amurka tana da wata tashar jiragen ruwa a jihar Kalifoniya, sunanta Port Chicago. A nan ake loda wa jirage kayan yaƙi domin a kai wa sojan ruwa masu faɗa da Japan: harsasan igwa, da bama-baman jirgin sama, da masu ƙona gari, da waɗanda ake jefa wa jiragen ƙarƙashin ruwa. Masu ɗaukar kayan nan baƙaƙen fata ne, hafsoshin da ke tsaye a kansu kuwa duk farare ne. Ba a koya wa leburorin yadda ake taɓa bam ba. Ƙungiyar 'yan dako na tashoshin ruwa, waɗanda suka san aikin, ta gargaɗi hukuma, har ta ce za ta ba da masu koyarwa, aka yi kunnen ƙashi. Abin da shugaban tasha ke so shi ne tan 10 a kowace awa a kowane bakin rumbun jirgi. Ana rubuta ƙoƙarin kowace ƙungiya a allo, hafsoshi har caca suke yi a kan yaran wa za su fi sauri.

Ran 17 ga Yuli 1944, da ƙarfe 10 da minti 18 na dare, sauri ya haifi abin da ya saba haifa. Jirgin da ake kira E. A. Bryan, da wajen tan 4,600 na makamai a cikinsa, ya tashi gaba ɗaya. Na kusa da shi, Quinault Victory, ya tsage, aka tsinci gutsattsarinsa cikin ruwa. Mutum 320 suka mutu nan take, 202 daga cikinsu baƙaƙe. Mutum 390 suka ji ciwo.

Ku saurari abin da ya biyo baya, gama nan ne gishirin maganar. Farare hafsoshi aka ba su hutun kwana 30. Baƙaƙen da suka tsira aka sa su tsince gawar 'yan'uwansu, sa'an nan bayan mako uku aka tasa su zuwa wata tasha aka ce su ci gaba da lodi, da hafsoshin nan, da hanyar nan, ba abin da aka sake. Mutum 258 suka tsaya suka ce kowane aiki za su yi, amma wannan sai an gyara. Aka ɗauki 50 daga cikinsu aka yi musu shari'ar tawaye, aka yanke musu ɗaurin shekara 8 zuwa 15. Diyyar da aka so ba iyalan mamata, dala 5,000 ta Amurka, majalisa ta rage ta zuwa 3,000 bayan wani ɗan majalisa ya ji yawancin masu karɓa baƙaƙe ne. An sako yawancin ɗaurarrun a watan Janairu 1946, amma ba a wanke sunansu ba sai ran 17 ga Yuli 2024, watau shekara 80 cif, lokacin da babu ko ɗaya da ya rage da rai.

To, jama'a, mu dawo gida. A shekarar nan ta 1946, ran 11 ga Afrilu, aka kashe aikin dole a ƙasashen da Faransa ta mallaka. Kakanninmu sun san zamanin da kwamanda ke aiko wa sarki adadin mutane, a kwashe su a kai su fasa hanya, wanda ya faɗi ya faɗi ke nan. Shugabannin neman sawaba irin su Jibo Bakari daga sandika suka taso, domin sun gane ba a raba 'yancin ƙasa da 'yancin lebura. Mun sami mulkin kai ran 3 ga Agusta 1960. Tambayarmu yau ita ce, shin ran ɗan Nijar a wurin aiki ya sami nasa mulkin kan?

Damargu da aka sani rumbun hatsi ce, yanzu ta zama kuma gidan wuta. A Bakin Birji, cikin gundumar Olelewa ta ƙasar Tanut, wajen kilomita 52 arewa da Damagaram, aka buɗe matatar mai ta SORAZ ran 28 ga Nuwamba 2011. An gina ta domin tace ganga 20,000 a rana, ɗanyen man yana zuwa ta bututu daga Agadem, tafiyar kilomita fiye da 460. Kashi 60 cikin 100 na kamfanin CNPC na ƙasar Sin ne aka kafa ta, kashi 40 na gwamnatin Nijar. Muna murna da ita, kuma ba ƙarar kowa muka kawo ba. A watan Maris 2025 hukuma ta sallami manyan shugabanni uku 'yan Sin na kamfanonin mai, a kan bambancin albashi tsakanin baƙi da 'yan ƙasa. Madalla da neman daidaita albashi. Amma albashi mai rai ke karɓa. Lalle ne a nemi daidaito kuma a wajen koyarwa, da kayan tsaro, da sanin haɗarin abin da mutum ke taɓawa da hannunsa.

Haɗarin kuwa bai tsaya a ƙofar matata ba. Yana bin tankar mai ƙauye ƙauye. A daren 5 zuwa 6 ga Mayu 2019 wata tanka ta kife a Yamai kusa da filin jirgin sama, talakawa suka taru da bokiti da jarka, wuta ta tashi, fiye da mutum 50 suka ƙone nan take, wasu suka cika a likita. Yana bin samarinmu masu zuwa haƙar zinariya. Ran 7 ga Nuwamba 2021 ramuka suka rufta a Garin Liman ta Ɗan Isa, jihar Maraɗi, aka fitar da gawa 18 tun a kashin farko. Yana nan har cikin garinmu, wajen mai walda da maginin rijiya.

Ga abubuwa uku da ya kamata kowane yaro ya sani kamar yadda ya san kunama. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana rarrafe a ƙasa ba a ganinsa, ƙyastun babur ko guntun taba daga nesa ya isa ya kira wuta. Duron fetur da aka juye ya fi cikakke haɗari ga mai walda, domin tururi da iska suka cika shi, shi ne bam. Injin jan ruwa in aka kunna shi cikin rijiya yana fitar da iska mai kisa wadda ba ta da wari, mai shiga ceto shi ne gawa ta biyu. Wa ya taɓa tara leburori ya gaya musu wannan da Hausa? Gargaɗin da aka rubuta da Faransanci a jikin bango, ga wanda bai shiga lakwal ba, ado ne kurum.

Za a ce mana ajali ne. Mun yi imani da ajali. Amma ba mu taɓa ganin makiyayin da ya saki raƙuminsa ba dabaibayi a daji, ya ce in rabonsa ne zai dawo ba. Wanda ya hana lebura hular kwano, sa'an nan ya zo zaman makoki yana wa'azin ƙaddara, ya haɗa zalunci da rainin hankali.

Za a ce mana kuma ƙasa tana cikin matsi, maƙiya sun yi mana zobe, ba lokacin tsayar da aiki ba ne. Wannan ita ce maganar da aka gaya wa mutanen Port Chicago. An ce yaƙi ake yi, a yi sauri. Saurin ya cinye jirage biyu, da tasha, da makaman da ake gaggawar kai wa bakin daga. Wa ya cuci ƙasarsa a nan, leburan da ya ce a gyara, ko hafsan da ya yi caca? Ƙasar da ke da matata ɗaya tak ba ta da halin yin wasa da ita. Leburan da ya ga yoyo ya tsaya ya yi magana, shi ne mai gadin dukiyar ƙasa.

Ba sabuwar doka muke roƙo ba. Nijar ta sa hannu tun 2009 a yarjejeniya mai lamba 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta kare ma'aikacin da ya janye daga aiki domin ya ga haɗari babba yana gab da faɗa masa. Dokar ƙwadago ta 25 ga Satumba 2012 ta yi tanadin kwamitin tsaro da lafiya a ma'aikatu. Takarda tana nan, aiki da ita ya rage. Saboda haka muna neman:

Na ɗaya, kada a sa kowa aikin mai, ko gas, ko rami, sai an koya masa da harshen da yake ji, Hausa ko Tamashek ko Fulatanci ko Barbarci.

Na biyu, wanda ya ƙi aiki domin haɗari bayyananne kada a kore shi, kada a yanke masa ko dala, sai sufetan ƙwadago ya zo ya duba.

Na uku, leburan ɗan kwangila da mai aikin yini a rubuta su a asusun CNSS, domin in ƙaddara ta faɗa, marayu su sami abin riƙewa. Wuta ba ta tambayar takardar ɗaukar aiki.

Na huɗu, wakilan ma'aikata a kwamitin tsaro ma'aikata su zaɓe su, ba mai gida ya naɗa ba.

Na biyar, a daina biyan direba da lebura bisa sauri kaɗai. Allon tsere shi ya kashe mutum 320.

Na shida, kowane haɗari a bayyana sababinsa a fili, a karanta a rediyo, domin wanda bai gani ba ya koya.

Ku kuma 'yan'uwa, naku aikin yana nan. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ranar kasuwa da bakin rijiya da zauren mai gari. Iyaye mata, ɗanku in zai tafi ci rani ku tambaye shi irin aikin, kafin ku tambaye shi kuɗin. In tanka ta faɗi, ku kori yara, ku nufi wajen da iska ke fitowa ku yi nisa. In abokin aikinka ya ce ba zai shiga ba sai an gyara, kada ka karɓi wurinsa, tsaya tare da shi. Mutanen nan sun jira shekara 80 kafin a ce sun yi gaskiya. 'Ya'yan Damargu ba za su jira ko kwana ɗaya ba.

Allah ya ba talaka sawaba, ya mai da kowane ma'aikaci gidansa lafiya. Amin.

Naku cikin gwagwarmaya,
Wani ɗan Damargu, Belbeji