Dam ɗin Zobe: Kafin a gayyato baƙi kamun kifi, a fara da mai tuƙa jirgin

A kowace shekara, idan ruwa ya fara janyewa a rassan kogin Amazon, masu hannu da shuni daga Amurka da Turai kan sauka a birnin Manaus na ƙasar Brazil, su hau ƙaramin jirgin sama zuwa cikin ƙurmi, su kwashe mako guda suna jefa fatsa. Mutum ɗaya kan biya dubban daloli. Kifin da ya kama kuma ba ci zai yi ba: a auna shi, a ɗauke shi hoto, a mayar da shi ruwa da ransa.

Masuncin Makera ko na Garhi, wanda ke kwana a kan ruwan Zobe domin ya samu abin da zai kai kasuwar Laraba ta Dutsin-Ma, idan ya ji wannan labari dariya zai yi, kuma ba za a ga laifinsa ba. Sai dai a cikin wannan sha'awa ta masu kuɗi akwai darasin da ya shafe shi kai tsaye, ya kuma shafi duk magidancin da ke tunanin kai iyalinsa bakin dam ranar hutun Sallah, da gwamnatin Jihar Katsina da ke neman hanyoyin samun kuɗin shiga.

Dam ɗin Zobe ba ƙaramin ruwa ba ne. An kammala shi a 1983, zamanin mulkin Shugaba Shehu Shagari, a kan kogin Karaduwa. Tsawon bangonsa ya haura kilomita biyu da rabi, kuma an tsara shi ya riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 170. Manufar gina shi ita ce noman rani a dubban hektoci da kuma ruwan sha. Jama'ar yankin sun san yadda alkawarin ya daɗe a kwance, domin sai a 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da kashin farko na aikin ruwan shan. A tsawon waɗannan shekaru da ake jiran gwamnati, masunta ne suka ci gaba da mu'amala da ruwan dare da rana. Su suka san inda kututturen itatuwan da ruwa ya cinye suke ɓoye, da inda zurfi yake, da lokacin da karfasa ke matsowa gefe, da alamar iskar da ke kife kwale-kwale.

Wannan sani shi ne ainihin abin da baƙin Amazon ke biya wa kuɗi. Wanda ya saba irin wannan tafiya ba ya fara tambayar girman kifi. Yakan fara da tambayar wane ne zai yi masa jagora, shekara nawa ya yi a wannan ruwa, kuma ɗan garin ne ko ɗauko shi aka yi daga wani wuri. Yakan tambayi mutum nawa ake ɗora wa jirgi, da yadda za a fitar da shi idan ya ji ciwo ko maciji ya sare shi, da watan da ya dace, domin idan ruwa ya yi yawa kifin kan shige cikin dajin da ambaliya ta mamaye, mutum ya dawo hannu rabbana. Sannan yakan so ya san ko mutanen da ke zaune a bakin kogin sun amince da zuwansa, da kason da suke samu a cikin kuɗinsa.

Tambaya ta ƙarshen nan ita ce ta raba wuraren da suka ɗore da waɗanda suka mutu. A kogin Marié da ke arewa maso yammacin Brazil, al'ummomin asali na yankin ne suka zauna da hukumomin ƙasar, aka fara nazarin yawan kifin, aka ƙayyade adadin baƙi, sannan suka zaɓi kamfanin da za su yi aiki da shi. An fara karɓar baƙi a 2014. A ƙauyen Rewa na ƙasar Guyana kuwa, mutanen garin ne ke da masaukin baƙin, su ne kuma ke tuƙa su zuwa inda ake samun arafaima, kifin da nauyinsa kan wuce kilo 100.

Abin da ya fi jan hankali shi ne tsarin yankin Mamirauá na Brazil, wanda aka fara a 1999. Shi wannan arafaima dole ne ya riƙa ɗagowa saman ruwa yana shaƙar iska. Tsofaffin masunta kan zauna a jirgi su ƙidaya shi ta hanyar ɗagowar nan, kuma da masana suka gwada ƙidayarsu sai aka tarar daidai take. A kan wannan ƙidaya hukuma ke yanke adadin da za a kama a shekara, wanda ba ya wuce kashi 30 cikin 100 na manyan da aka ƙirga. Kifin da ya kusa ƙarewa ya dawo ya cika tafkuna. Ba wata na'ura aka kawo daga waje ba. Idon masunci aka yarda da shi, aka ba shi matsayi a takarda.

Ba ma sai an tsallaka teku ba. Kogin Faro na arewacin Kamaru, wanda ke zuba a Binuwai dab da iyakar Jihar Adamawa, yana karɓar masu kamun kifin nishaɗi daga ƙasashen waje a watannin rani. Ta Garwa suke shiga, kuma giwan ruwa da tsage suke nema, kifayen da kowane Basarke ya san su tun yana yaro. Ruwa ne mai dorina da kada, don haka baƙo ba ya taka gaɓa sai da ɗan rakiya.

To, Zobe ba Amazon ba ne, ba kuma Faro ba ne. Babu ƙurmi, babu kifin da ya kai girman mutum, kuma duk wanda ya yi wa jama'a alkawarin Turawa za su yi layi a Dutsin-Ma ya yaudare su. Baƙin Zobe na gida ne: ma'aikaci daga Katsina ko Kano da ke son ya huta ƙarshen mako, malamai da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da na Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, da iyalan da ke neman wurin zuwa da yara. Kasuwa ce ƙarama amma ta gaske. Matsalar ita ce, a halin yanzu wanda ya je bakin ruwan ba shi da hanyar bambance gogaggen matuƙi da yaron da ya ari jirgin yayansa. Ciniki kawai ake yi a gaɓa, wanda ya fi sauƙin kuɗi shi ke ɗauka.

Arewa ta riga ta ga ƙarshen irin wannan sakaci. A ƙarshen Nuwamban 2021, wani jirgin ruwa da aka yi wa lodi fiye da ƙima ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai a Jihar Kano, aka rasa rayuka aƙalla 29, galibinsu ɗaliban Islamiyya. Ba kogi ba ne mai gudu, ruwan dam ne kwantacce irin na Zobe. Rigar kariya daga nutsewa ba ta kai kuɗin buhun taki ba, amma har yau a yawancin mashigan ruwan Arewa wanda ya nemi a ba shi ita kallon matsoraci ake yi masa. Magidancin da zai ɗora 'ya'yansa a jirgi yana da haƙƙin ya ƙi hawa idan babu rigar, ya ƙirga mutanen da ke ciki da kansa, ya kuma ƙi fita idan hadari ya haɗo, musamman a farkon damina da iska ke tasowa ba sallama. Jagoran kirki ma shi zai fara cewa a haƙura. Shi ne kuma zai hana yara wanka a gefen da ruwa ya kwanta, inda ake ɗaukar cutar tsargiya.

Sai babbar magana, wato tsaro. Tafiya Zobe ba a bakin ruwa take farawa ba. Wanda ya taso daga Katsina ta Kurfi zai bi kafin ya isa Dutsin-Ma, kuma waɗannan ƙananan hukumomi biyu suna cikin waɗanda suka ɗanɗana kuɗarsu a hannun 'yan bindiga. Suna cikin guda 13 da aka katse wa layukan waya a 2021. A watan Oktoban 2023 an sace ɗalibai mata biyar na jami'ar Dutsin-Ma daga masaukinsu, a watan da Gwamna Dikko Umaru Radda ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jihar. Sulhun da wasu al'ummomi suka ƙulla da 'yan bindigar a 2025, ciki har da na Kurfi, ya sa mutane sun ɗan sarara, amma sulhu irin wannan yana iya warwarewa cikin dare ɗaya. Baƙo ba zai san halin da ake ciki daga shafin Facebook ba. Masuncin da ya kwana a ruwan shi ya san gaɓar da aka ga baƙin fuska jiya, ya san lokacin da ya kamata a tattara a koma gari. Duk wanda ya ce zai kai mutane kwana a gaɓar da ke nesa da gari a wannan yanayi, ko bai san wurin ba ko kuɗin kawai yake gani.

Wannan ne ya sa duk wani shiri na buɗe Zobe ga baƙi ya kamata ya fara daga masunta, kafin allon talla ko ginin masauki. Aikin ba mai tsada ba ne. Sarakunan ruwa na mashigai, ƙarƙashin kulawar Yandakan Katsina Hakimin Dutsin-Ma, sun san kowa, sun san wanda ya iya da wanda bai iya ba. Su za su tantance, ƙaramar hukuma ta yi rajista, a ba kowane jagora shaida da lambar jirgi da adadin mutanen da zai ɗauka a rubuce a jikin jirgin. Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, wadda dam ɗin ke ƙarƙashinta, ta keɓe mashiga ɗaya ko biyu da baƙi za su riƙa hawa, a rubuta sunan duk wanda ya fita da lokacin dawowarsa. Jami'an tsaro su san da wannan littafi. Maradin Katsina da shugabannin Kurfi su ma suna da ruwa a ciki, tunda hanyar tasu ce, kuma mai shayi da mai tsire da mai sayar da fetur na bakin titinsu su ne za su fara ganin amfanin baƙin.

Akwai kuma batun kifin kansa, wanda idan babu shi duk maganar ta zama tatsuniya. Ƙorafin da ake ji a kusan kowane dam na Arewa iri ɗaya ne: kifi na ƙanƙancewa, masu kamawa na ƙaruwa. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Taru mai ƙananan idanu yana kwashe har 'ya'yan da ba su kai yatsa ba, wasu har gidan sauro suke ja a ruwa. Ana kamu a tsakiyar damina lokacin da tarwada da karfasa ke zuba ƙwai. Yashi da laka na cike gindin dam, magungunan feshin gonakin gefe na gangarowa ciki. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin gida ta 1992 ta haramta amfani da guba da abubuwan fashewa da lantarki, ta kuma yi magana a kan girman idon koma, amma dokar da babu mai sa ido a kanta sunanta takarda. A Zobe guba ta fi muni, domin ruwan da ake zuba ta shi ne ake tacewa a tura wa jama'a a famfo.

Jami'ar Dutsin-Ma tana da sashen nazarin kifi, kuma malamanta da ɗalibanta sun daɗe suna ɗibar samfuri a dam ɗin. Abin da ya rage shi ne binciken ya fito daga kundin digiri ya zauna a tabarma ɗaya da masunta, a haɗa ma'aunin malami da idon mai jirgi, a fitar da watannin da za a ɗaga wa ruwan ƙafa da wuraren da ba a jefa koma. Ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A Argungu, inda bikin kamun kifi ya samo asali tun 1934 har hukumar UNESCO ta sanya shi cikin kayan gadon duniya a 2016, abin da ke sa a fito da manyan giwayen ruwa ranar gasa shi ne hana kamu a Matan Fada sauran watannin shekara, kuma Sarkin Ruwa ke tsare wannan hani.

Ba lallai ba ne a kwaikwayi al'adar kama kifi a sake shi gaba ɗaya. Ga Bahaushe, wahalar da dabba don nishaɗi kawai abu ne da zuciya ba ta kwanta da shi, kuma wanda ya biya kuɗin jirgi zai so ya koma gida da abin miya. Abin da ya dace da Zobe shi ne a sa iyaka: baƙo ya ɗauki 'yan ƙwarori da suka kai girma, ya mayar da ƙanana da masu ƙwai, a gasa masa nasa a gaɓa idan yana so, matan da ke sana'ar suya da banda su samu nasu. Masuncin da ya samu kuɗin yini daga baƙi uku da fatsa uku bai da buƙatar jan taru a ranar, kuma zai fi kowa son kifin ya girma, domin girman kifin ne zai dawo masa da baƙon.

Akwai hatsari guda da ya kamata a faɗa tun yanzu. Da zarar harkar ta fara kawo kuɗi, masu uwa a gindin murhu za su nemi a ba su kwangilar ruwan, su sayo jirage masu inji, su mayar da masunta 'yan kallo ko 'yan ɗauko kaya. Idan aka bari haka ta faru, ranar da aka ce a rufe wani sashe na ruwan babu masuncin da zai saurara, kuma da gaskiyarsa. Rajistar jagora ta zama ta mazauna gaɓar da suka gaji sana'ar, kuɗin shiga kuma a bayyana a fili nawa ke zuwa ƙaramar hukuma, nawa ke komawa asusun masunta domin sayen rigunan kariya da gyaran jirage. Majalisar Dokokin Jihar Katsina da kansilolin Dutsin-Ma da Kurfi suna iya rubuta wannan sharaɗi kafin rani mai zuwa, tun kafin wani ya zo da takardar kwangila a aljihu.