Sharhi: Farfesa Taslim Elias da Martabar Dokokin Gargajiya

Sharhinmu na yau zai waiwayi rayuwar wani malamin shari'a ne na Jami'ar Legas, marigayi Farfesa Taslim Olawale Elias.

An haife shi a Legas a 1914. Kafin ya shiga harkar shari'a, ma'aikaci ne a hukumar jiragen ƙasa. A 1944, yaƙin duniya na biyu bai ƙare ba, ya tafi Ingila neman ilimi. Ya zama lauya a 1947, sannan ya kammala digirin digirgir a Jami'ar Landan a 1949.

A wancan zamani, da yawa daga cikin Turawan mulkin mallaka suna ganin mutanen Afirka ba su da doka, al'ada kawai gare su. Ana barin ta ta yi aiki a kotunan gargajiya, amma da sharaɗin kada ta ci karo da abin da Bature ya ɗauka adalci ne. Elias bai tsaya cacar baki ba, alƙalami ya ɗauka. A 1951 ya fitar da littafi kan dokar filaye da al'adun mallakar ƙasa a Najeriya. A 1956 kuma ya fitar da wanda ya fi shahara da shi, kan asalin dokokin gargajiyar Afirka da yadda suke aiki.

Hujjarsa ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya tashi a ƙauye. A ce damina ta yi gardama, manomi ya jinginar da gonarsa a gaban dagaci da dattawa. Kowa a garin ya san jingina ba saye ba ce. Ko bayan shekara ashirin ne, ranar da shi ko magadansa suka mayar da kuɗin, gona ta koma hannunsu. Aro da hukuncinsa, kyauta da nata, gado da nasa. Akwai shaidu, akwai masu yanke hukunci, akwai abin da ke biyo bayan wanda ya saɓa. To, idan wannan ba doka ba ce, mece ce? Abin da Elias ya yi shi ne ya tattara irin waɗannan ƙa'idoji, ya tsara su, ya gwada su da na sauran ƙasashen duniya, har mai gardama ya rasa ta cewa. A ganinmu wannan ne babban aikinsa, ya fi duk kujerun da ya hau.

Kujerun kuwa ba kaɗan ba ne. Shi ne antoni janar na farko bayan samun 'yancin kai a 1960. A 1966 ya zama farfesa kuma shugaban tsangayar shari'a a Jami'ar Legas, ya haɗa koyarwa da aikin gwamnati har 1972, lokacin da aka naɗa shi Alƙalin Alƙalan Najeriya. Gwamnatin soja ta Janar Murtala ta sauke shi a 1975, amma wani hani ga Allah baiwa ne: a 1976 ya kama aiki a matsayin alƙali a Kotun Duniya da ke birnin Heg na ƙasar Holan. Daga 1982 zuwa 1985 shi ne shugabanta, ɗan Afirka na farko da ya riƙe wannan muƙami. A ƙarƙashin shugabancinsa ne, a 1984, kotun ta ce tana da hurumin sauraron ƙarar da ƙaramar ƙasar Nikaragwa ta shigar a kan Amurka. Ya rasu a Legas a 1991.

Yau rikicin gona da burtali da rabon gado ya cika kotunanmu, alhali yawancin ƙa'idojin da kakanninmu suka zauna lafiya a kansu suna bakin tsofaffi ne kawai, tsofaffin kuma kullum tafiya suke yi. Don haka muna kira ga malaman shari'a na jami'o'in Ahmadu Bello da Bayero da Usmanu Ɗanfodiyo da Maiduguri: ku tura ɗalibanku ƙauyuka su zauna da dagatai da ardo-ardo, su rubuta abin da suka ji, ku kuma buga shi har da Hausa don talaka ya karanta. Gwamnatocin jihohi su ma su sa kuɗi a wannan bincike.

Mu kwana nan, sai Allah ya kai mu wani sharhin.