Tsoro Ma Ciwo Ne

Akwai wata al'ada da ta bazu a asibitocin Turai da Amurka, wadda in aka ba da labarinta a nan ƙasar sai mutane su bushe da dariya. Watau a kan kawo kare har cikin ɗakin da yara marasa lafiya suke kwance, yaro ya shafa shi, ya yi wasa da shi kamar minti goma ko ashirin, sa'an nan a tafi da shi. Ba kowane kare a ke kawowa ba, sai wanda aka horar, aka wanke, aka yi masa allurar rigakafi, mai shi kuma yana riƙe da shi. Nufinsu shi ne hankalin yaro ya kwanta.

Mutanenmu sun rabu biyu bisa wannan al'amari. Waɗansu sun ce Turawa sun ƙoshi ne, sun rasa abin yi. Waɗansu kuwa, musamman cikin masu ilmin zamani, sun ce ci gaba ne, mu ma a kawo mana. Ni dai na ce duka biyu sun kuskure, amma kuskuren masu dariya ya fi muni, gama su suka fi yawa, 'ya'yansu kuma su ke shan wahalar.

Bari mu fara da asalin abin. Wani masanin halin yara a birnin New York, sunansa Boris Levinson, ya lura cewa yaron da ya ƙi yi masa magana sam, da ya ga karensa sai ya sake jiki. A 1962 ya rubuta abin da ya gani, daga baya likitoci suka shiga gwadawa. A 2015, a garin Pavia na ƙasar Italiya, an gwada da yara 40 waɗanda aka yi wa aiki, aka tarar waɗanda kare ya ziyarta sun ce zafinsu ya fi sauƙi. Amma a 2017, a Amurka, an gwada da yara 48, rabinsu aka kawo musu kare mai rai, rabi aka ba su na tsumma, ba a kuwa sami wani bambanci mai yawa ba. Ashe ba wani asiri a jikin kare. Abin lura a nan shi ne, waɗannan mutane sun ɗauki tsoron yaro wani ciwo ne na musamman, har suna auna shi, suna neman maganinsa. Mu fa?

Ga abin da tsoro ke yi wa jiki. Zuciya ta riƙa bugawa da sauri, jiki ya fitar da wani sinadari da a ke kira kotisol, wanda a kan iya aunawa cikin miyau. Yaro ya ƙi abinci, barci ya gagara, ya yi ta fizge-fizge har mai allura ya rasa jijiya, ya soka sau uku maimakon sau ɗaya. Mara lafiyan da ba ya ci, ba ya barci, yaya zai warke da wuri? Mafi muni kuma, yaron da ya firgita sau ɗaya, gobe in ciwo ya kama shi sai ya ɓoye, har abin ya ci ƙarfinsa. Uwa kuma in kuka ya ishe ta, ta kan saɓa ɗanta ta koma gida magani bai ƙare ba.

Turawan ma ba su gane wannan da wuri ba. A dā a Ingila a kan raba yaro da uwarsa a asibiti, sai ta zo gani na ɗan lokaci kaɗan. A 1952 wani mutum, James Robertson, ya ɗauki majigin wata yarinya 'yar shekara biyu da ta kwana takwas a asibiti, aka ga yadda baƙin ciki ya karya ta. A 1959 rahoton kwamitin Platt ya ba da shawara a bar iyaye su zo wurin 'ya'yansu a kowane lokaci. Mu kuwa Allah ya hutasshe mu wannan. Duk wanda ya tsaya a PZ da safe zai ga mata da goyo suna neman motar Samaru da Shika, kuma in an ba yaro gado, uwarsa ko kakarsa ita ce mai jinya.

To, amma alherin nan da hannunmu mu ke ɓata shi. Wane gida ne ba a taɓa ce wa yaro, in ba ka yi shiru ba zan kai ka likita ya yi maka allura? Mun mai da likita dodo, sa'an nan ranar da zazzaɓi ya kama yaro mu ce ya miƙa wa dodon hannu. Mu yi masa ƙarya mu ce ba zafi, da ya ji zafin sai ya daina yarda da mu. In ya yi kuka mu daka masa tsawa, wai namiji ba ya kuka, alhali ga ƙato mai gemu yana rufe ido in an zaro allura. Wanzami ba ya son jarfa. Uba kuwa ya zo ya tsaya bakin ƙofa, ya miƙa kuɗin magani, ya juya, yana tsammani ya sauke nauyi.

Yanzu kuma ga masu cewa a kawo karen. A mazhabar Malikiyya da mu ke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, ko da ya ke in ya sa baki a ƙwarya a kan wanke ta sau bakwai. An yarda a ajiye shi domin farauta da kiwo da tsaron gona, amma an ƙi a ajiye shi cikin gida ba da bukata ba. Saboda haka iyaye da yawa, in suka ga kare a gefen gadon ɗansu, ranar za su kwashe kayansu. Ban da wannan, yaron Sabon Gari bai san kare abokin kwana ba, ya san shi ne abin da ke korarsa a lungu. Ga kuma ciwon haukan kare, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma da zarar alamunsa sun bayyana da wuya a tsira. Mai son ya yi wa yara alheri da kare, ya fara kai nasa asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru a yi masa rigakafi. Kowane tsuntsu kukan gidansu ya ke yi.

Abin da ya kamace mu ba ya cin ko kwabo. Da fari, mu daina tsorata yara da allura. Na biyu, mu gaya musu gaskiya, cewa za a ji zafi kaɗan, zai kuwa wuce, uwa tana rungume da shi. Na uku, a kai masa abin da ya saba da shi, ko 'yar tsana, ko motar kara, ko zanen uwarsa. Uba ya shiga ya zauna, kaka ta yi masa tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. Hukumomin asibiti kuma su keɓe ɗaki guda da tabarma, inda masu sauƙi za su yi wasa.

Ku kuma da kuka gama ajin Yaƙi da Jahilci, ga aiki ya same ku. Ku tuna a cikin Magana Jari Ce na Abubakar Imam, da labari kawai aku ya riƙe ɗan sarki a gida, hankalinsa ya rabu da tafiya yaƙi. Ku nemi izinin masu kula da ɗakin yara, ku je da littafi, ku karanta wa ɗan maƙwabci da ke kwance. Karatun da ya share hawayen yaro ɗaya, lalle ya biya wahalar koyonsa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya raya mana zuriya, amin.