Gizo ya riga su

Duk wanda ya zaga Matamaye da la'asar zai ga samari sun yi cincirindo a kan waya ɗaya, wasu na ƙwallo, wasu na harbe-harbe a Free Fire. Ban ga laifin wasa ba. Damuwata ita ce a irin waɗannan wasanni babu mai tambayar yaro dalilin abin da ya aikata. Ya harba, a ba shi maki, ya wuce gaba.

Alhali akwai wasannin bidiyo da suka ɗauki wata hanya. A 2001 Hideo Kojima na Japan ya fitar da Metal Gear Solid 2, inda kwamandan da kake bin umarninsa tun farko yake rikicewa, har ya ce maka ka kashe na'urar. A The Stanley Parable na 2013, mai ba da labari zai ce ka shiga ƙofar hagu. In ka bi ta dama, sai ya yi ta jayayya da kai. Undertale na Toby Fox, 2015, yana riƙe da wanda ka kashe, ko da ka koma baya don ka goge. Wasu na ɗaukar wannan a matsayin sabon salo: labari ya san kansa labari ne, ya kuma ɗora wa mai wasa alhakin zaɓinsa.

A wurinmu ba sabo ba ne. Kaka ba ta fara tatsuniya sai yara sun amsa mata, ba ta kuma rufewa sai ta faɗa musu cewa ƙarya ce ta shirga, ta jingina ta ga Gizo. Yaro ya tashi ya san an gina masa labari, ya kuma san darasin cikinsa gaskiya ne. Abubakar Imam ma a Magana Jari Ce ya sa aku yana jero labari cikin labari, da manufar da mai karatu ke gani sarai.

A Kamaru, kamfanin Kiro'o Games ya fitar da Aurion a 2016 da kayan al'adun Afirka. Matasan Damagaram masu koyon kwamfuta su ma suna da irin wannan jari a hannu. Ina fatan ganin wasa da Hausa wanda Gizo ne mai ba da labarinsa, ya yaudare ka, ka gane, ka ƙi bin sa. Yaron da ya saba tuhumar muryar da ke ba shi umarni a cikin wasa, zai tuhumi saƙon ƙarya da aka turo masa a WhatsApp kafin ya tura wa wani.